Yadda Ake Gane Alobera da Ta Fi Ƙarfin Tukunyarta, da Yadda Ake Sauya Mata Mazauni

Alobera na daga cikin tsirran da suke jure sakaci ƙwarai, shi ya sa akan bar ta cikin tukunya guda shekara uku ko huɗu ba a waiwaye ta ba, sai ranar da aka tarar ta kife a ƙasa saboda nauyin ganyenta, ko kuma 'ya'yanta sun cika tukunyar maƙil har babu inda za a sa yatsa. A wannan gaɓar ce masu shuka da yawa suke yin abin da ke kashe ta: su samo ƙatuwar tukunya, su cika ta da baƙar ƙasa mai taki, su dasa, sannan su kwarara mata ruwa kamar yadda ake yi wa dashen tumatir. Kafin mako biyu gindin ya yi laushi, ganyen ya fara saki ɗaya bayan ɗaya, shukar da ta jure shekaru cikin matsi ta mutu a wurin da aka shirya mata domin ta sake. Dalilin a fili yake. Tsiro ne na busasshiyar ƙasa wanda yake adana ruwa a cikin ganyensa, kuma ƙananan ƙofofin numfashi da ke jikin ganyen suna rufe da rana, sai da dare suke buɗewa, don haka ruwan da yake asara kaɗan ne ƙwarai. Ƙishirwar mako guda ba ta yi masa komai, amma saiwa mai rauni da ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ruɓewa cikin 'yan kwanaki. Duk matakan da za a bi a nan gaba, wannan haɗarin suke neman kaucewa.

Tabbatar da irin tsiron tukuna

Kafin a taɓa tukunyar ya kamata a san abin da ke cikinta, domin tsirrai masu kaurin ganye suna kama da juna, kuma sau da yawa an samo su ne kyauta daga maƙwabta ko an saya a bakin titi ba tare da suna ba. Alobera ta gaskiya, wadda masana suka gano cewa asalinta yankin Larabawa ne, tana da ganye masu kauri da ke fitowa daga gindi guda suna zagaye shi, launinsu kore ne mai ɗan toka-toka, kuma a gefensu akwai 'yan ƙayoyi gajeru masu laushi waɗanda ba su cika huda fata ba. Ƙaramar alobera tana da ɗigo-ɗigon fari a ganye, wanda yakan dushe idan ta girma, kuma furenta rawaya ne, yana rataye a kan dogon kara. Akwai wani nau'i da ake yawan gani a gidaje wanda ya fi ƙanƙanta, ɗigonsa ba ya ɓacewa, furensa ruwan lemo ne, kuma shi ne ya fi saurin cika tukunya da 'ya'ya. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a yanke ganye guda daga na ƙasa: idan alobera ce, wani ruwa rawaya mai ɗaci zai fara tsatsowa daga ƙarƙashin ɓawon, sannan a ga tsokar ciki garau mai yauƙi.

Tsiron da aka fi rikita shi da ita shi ne agabe, wanda asalinsa Meziko da kewayenta ne, kuma daga danginsa ake samun zaren igiyar sisal. Ganyen agabe yana da tauri, cike yake da zare idan aka yi ƙoƙarin karya shi, kuma a ƙarshen kowane ganye akwai ƙaya guda mai tsini wadda take iya raunata ido. Moda, wadda ake sayarwa a matsayin furen ɗaki, ganyenta miƙaƙƙe ne kamar takobi, yana da ratsi-ratsi a kwance, ba shi da ƙaya, kuma tana yaɗuwa ta wani kakkauran jijiya da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa har yakan fasa tukunyar roba. Ita 'yar Afirka ta Yamma ce, daga Najeriya zuwa Kongo, kuma a shekarar 2017 masana tsirrai suka mayar da ita cikin dangin Dracaena. Akwai kuma zabuwa, wato alobera ta dajin ƙasarmu, wadda ganyenta yake bushewa da rani ya sake tohowa da damina daga wani dunƙulen gindi da ke cikin ƙasa. Wanda ya ga zabuwa ta bushe a watan Janairu kada ya ɗauka ta mutu ko tana neman sabuwar tukunya.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan mataki shi ne a kula da launin ruwan da ke fitowa idan an ɗan yi wa tsiron rauni. Idan fari ne kamar madara, to mai yiwuwa daga dangin tinya, ƙerana da aguwa ne, kuma wannan ruwan yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana iya yin mummunar illa. Kariya, mai kumburarren gindi da jan fure, ita ma ruwanta dafi ne. Irin waɗannan ba a taɓa su sai da safar hannu, ba a yin aikinsu inda yara ko dabbobi suke, kuma a wanke hannu da wuƙa da sabulu da zarar an gama. Haka nan, dangin alobera sun haura iri 500, ba dukkansu ne ake amfani da su a jiki ba, saboda haka duk wadda ba a tabbatar da ita ba a bar ta a matsayin ado kawai. Ita kanta alobera ta gaskiya, ruwan nan rawaya yana sa gudawa mai tsanani, kuma yana cutar da kyanwa da kare idan sun tauna ganyen.

Shin girma ta yi, ko duhu ne ya dame ta?

Ba kowace alobera da ta fita daga siffarta ce take neman sabuwar tukunya ba. Wadda ta cika tukunyarta da gaske za a ga saiwoyi suna leƙowa ta ramin gindin tukunya, ƙasar ta ragu ta zama dunƙulen jijiyoyi, ruwa yana bi ta gefe ya zube nan take ba tare da ya jiƙa tsakiya ba, ganye kuma suna sirancewa ko da ana ba da ruwa a kan kari. 'Ya'ya sun zagaye uwar suna ture ta gefe, ko kuma ganyen ƙasa sun bushe sun faɗi a hankali har wani dogon wuya tsirara ya bayyana, shukar ta karkata ta rataya a bakin tukunya. Wadda rashin haske ya dama kuwa, ganyenta dogaye ne sirara masu kodaɗɗen launi, suna lanƙwashewa a tsakiya, duk shukar tana miƙewa wajen taga. Idan aka sauya wa irin wannan tukunya aka mayar da ita lungun da take, babu abin da aka gyara. Ganyen da ya riga ya lanƙwashe ba zai sake miƙewa ba, amma sababbin da za su fito a wuri mai haske za su fito da ƙarfinsu. Sau da yawa matsalolin biyu suna haɗuwa a shuka guda, sai a yi dashen a kuma sauya mata wurin zama.

Lokaci, tukunya da ƙasa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani zuwa farkon damina, sa'ad da tsiron yake shirin sabon toho kuma iska ba ta cika laima ba. Watan Agusta, da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, shi ne mafi haɗari, domin rauni ba ya bushewa da wuri. Tsakiyar hunturu ma ba shi da kyau a wurare masu sanyin dare irin su Jos, domin saiwar ba ta saurin kamawa cikin sanyi. Sai dai idan gindin ya fara ruɓewa, ba a jiran lokaci. A ciro ta a ranar da aka gani.

A ganina tukunyar ƙasa da maginan gargajiya suke gasawa, wadda ba a shafa mata fenti ba, ta fi kowace dacewa, saboda ruwa yana tsatsa ta jikinta ƙasar ta bushe da wuri, kuma nauyinta yana hana shukar kifewa. Tukunyar roba ko tsohon bokitin fenti ma suna aiki, muddin an huda gindinsu da zazzafar ƙusa wuri biyar ko shida, an kuma rage yawan ban ruwa. Baƙar roba dai tana ɗaukar zafi sosai a rana har ta gasa saiwa. Faɗin sabuwar tukunyar kada ya wuce na dunƙulen saiwar da fiye da santimita 3 zuwa 5 a kewaye. Wannan ƙa'ida tana yi wa mutane wuyar karɓa, domin zuciya tana so a ba shukar fili, amma duk ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ruwa kawai take riƙewa. Saiwar alobera ba ta nitsewa da nisa, a kwance take bazuwa, don haka tukunya mai faɗi marar zurfi ta fi mai tsawo. Idan za a cire 'ya'yan duka, sau da yawa uwar tana iya komawa tsohuwar tukunyarta bayan an wanke ta da sabulu an shanya, a sa mata sabuwar ƙasa kawai.

Game da ramin gindi, a rufe shi da tsingaro guda ko guntun ragar sauro don kada ƙasa ta zube. Al'adar nan ta zuba tsakuwa mai yawa a gindin tukunya ba ta taimaka wa ruwa fita. Ruwan yana tsayawa ne a ƙasar da ke saman tsakuwar, wato kusa da saiwa. Tsakuwa tana amfani ne idan an cakuɗa ta cikin ƙasar gaba ɗaya.

Haɗin ƙasar da za a iya yi da abin da ke kusa shi ne kwano biyu na yashi mai kaushi irin na gini wanda aka wanke, kwano ɗaya na ƙananan tsakuwar marmara ko farfasasshen jan bulo da aka gasa, da kwano ɗaya na ƙasar lambu da aka tankaɗe. A ƙara ɗan dakakken gawayi da tafin hannu guda na takin da ya ruɓe sarai ya zama gari. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu ba shi da wuri a nan, domin yana ƙona saiwa yana kuma kiran tsutsa. Rairayi mai laushi da laka su ma a guje su, saboda idan suka haɗu suka bushe suna daskarewa iska ta kasa shiga. Wanda ya samu farin dutsen nan mai sauƙin nauyi da masu sayar da furanni suke kira falayit, zai iya sa shi a madadin bulon. Gwajin haɗin shi ne a ɗan yayyafa masa ruwa, a dunƙula a hannu, a buɗe: idan ya wargaje da kansa ya yi, idan ya tsaya a dunƙule sai a ƙara yashi da tsakuwa.

Ciro shukar da duba saiwarta

A daina ba ta ruwa kwana biyar zuwa mako guda kafin ranar aikin, domin busasshiyar ƙasa ta fi saurin sakin saiwa, ganyen kuma ba ya karyewa da sauƙi idan bai cika da ruwa tam ba. A shimfiɗa buhu a inuwa, a kwantar da tukunyar a gefenta, a bubbuga jikinta da tafin hannu, sannan a zagaya bakin ciki da wuƙa marar kaifi. A tallafi shukar ta gindi, can ƙasa da ganye, a zame tukunyar daga jikinta. Kada a ja ta ta ganye, domin ko dai ganyen ya ɓalle ko wuyan ya tsinke ya bar saiwa a ciki. Idan ta ƙi fita, a tura sanda ta ramin gindi a ingiza. Idan har yanzu ta ƙi, gara a yanka robar ko a fasa tukunyar da a yi wa shukar ƙarfi.

Bayan ta fito, a warware dunƙulen da yatsu a hankali, a kakkaɓe tsohuwar ƙasar gwargwadon iko. Lafiyayyar saiwa kakkaura ce, tana da ƙwari, launinta rawaya-rawaya ko ruwan ƙasa mai haske. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari ko ɓawonta yana saɓulewa a hannu, ta ruɓe, sai a yanke ta har inda lafiyayyen nama ya fara. Busassun da suka zama fanko su ma a cire. Wuƙar ta kasance mai kaifi, a goge ta da sifirit kafin a fara da kuma bayan kowace yanka da ta ratsa ruɓaɓɓen wuri, don kada a kai cutar inda ba ta. A zare busassun ganyen ƙasa da ragowar ɓawonsu, domin a ƙarƙashinsu ne wasu fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga suke ɓuya. Idan an gan su a ganye, a goge su da auduga da aka tsoma cikin sifirit; idan a saiwa suke, a zubar da tsohuwar ƙasar nesa da sauran tsirrai, a wanke saiwar tas, a ƙara mata kwanakin shanya.

Raba 'ya'ya da gyaran dogon wuya

Kowane ɗan tsiro yana haɗe da uwar ta wani gajeren jijiya. Wanda ya kai tsawon santimita 10 ko fiye, yana da ganye huɗu ko biyar da 'yan saiwoyinsa, ya isa a raba shi. Wasu suna ɓallewa da an ɗan murɗa su, wasu sai an sa wuƙa an yanke jijiyar kusa da uwar, yadda ɗan zai tafi da duk saiwar da yake da ita. Ƙanana sosai gara a bar su a jikin uwar zuwa wani karo. Wanda ya fito babu saiwa ko ɗaya kada a jefar da shi, domin muddin yana da ɗan gindi fari a ƙasan ganyen zai yi saiwa, sai dai zai ɗauki lokaci. Ganye shi kaɗai kuwa, wanda aka yanko ba tare da gindi ba, kusan kullum ruɓewa yake yi idan an binne shi. A nan alobera ta bambanta da moda da shuka-halinka, waɗanda suke tsirowa daga ganye.

Dogon wuya shi ne abin da ya fi tsorata mai shuka. Idan bai wuce tsawon yatsa ba, ana iya nitsar da shi cikin sabuwar ƙasar, zai fitar da saiwa a jikinsa. Idan ya yi tsawo ya lanƙwashe yadda ba zai shiga tukunya ba, ko ƙasansa ya ruɓe, sai a datse shi a bar santimita 5 zuwa 8 a ƙarƙashin ganyen ƙarshe. A duba fuskar yankan da kyau: ya kamata ta kasance fara tas, idan akwai ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa a tsakiya a ƙara yankawa sama har ya ɓace. Shukar za ta zauna babu saiwa ko ɗaya, amma ruwan da ke ganyenta ya ishe ta makonni, kuma a ƙasa mai ɗumi sababbin saiwoyi sukan fito cikin wata guda ko fiye kaɗan. Tsohon kututturen da aka bari, idan lafiyayye ne, a ci gaba da kula da shi a tukunyarsa, domin yakan fitar da sababbin 'ya'ya.

Shanya rauni, sannan dasawa

Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa, kuma shi ne nake roƙon kada a tsallake. A jera uwar da 'ya'yan a inuwa mai iska, a kan tabarma ko kwali, inda rana da raɓa ba za su taɓa su ba. Waɗanda aka ɗan gutsure wa saiwa kawai kwana ɗaya ko biyu sun ishe su, 'ya'yan da aka yanko da wuƙa kwana biyu zuwa uku, wadda aka datse wa wuya kuwa mako guda, ko fiye idan iska tana da laima. Alamar ta isa dashe ita ce wurin yankan ya bushe ya yi tauri, babu danshi idan an taɓa. Ana iya barbaɗa garin gawayi a kan raunin don ya taimaka wajen bushewa.

A zuba busasshen haɗin ƙasar zuwa kashi ɗaya cikin uku na tukunyar, a ɗan tsira shi a tsakiya, a ɗora shukar a baza saiwoyinta a kewaye, sannan a riƙa zuba ƙasa ana bubbuga tukunyar don ta shiga tsakanin saiwoyi. Ba a danne ta da ƙarfi. Ganyen ƙasa su tsaya dab da saman ƙasa ba tare da an binne gindinsu ba, kuma ko ƙwayar ƙasa kada a bari ta zauna a tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa. A bar tazarar santimita 2 tsakanin ƙasa da bakin tukunya, a shimfiɗa 'yar tsakuwa a sama don wuyan ya zauna a bushe. Idan shukar tana rawa, a tokare ta da duwatsu biyu ko uku ko a kafa mata sanda, domin sabuwar saiwa tana tsinkewa idan iska tana kaɗa shukar. Kowane ɗa a ba shi 'yar ƙaramar tukunyarsa, ko a jera uku a faffaɗar tukunya guda da tazarar tafin hannu tsakaninsu.

Makonnin farko

Kada a ba da ruwa sai bayan mako guda, wadda ba ta da saiwa kuwa sai bayan mako biyu, kuma ko a lokacin ɗan kaɗan a gefen tukunya. A ajiye su inda haske yake da yawa amma rana ba ta dukansu kai tsaye, kamar baranda ko ƙarƙashin rumfa, kuma inda ruwan sama ba zai same su ba. A wannan lokacin ganyen yakan sirance ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, wannan ba ruɓewa ba ce, shukar ce take cin ajiyarta, kuma launin zai dawo idan saiwa ta kama. Abin tsoro shi ne ganye ya yi laushi ya zama garau daga gindi, ko ya zare da an ɗan ja shi. Idan an ga haka a ciro ta nan take, a yanke abin da ya lalace, a sake shanyawa.

Bayan mako uku ko huɗu a ɗan girgiza shukar a hankali. Idan ta yi turjiya, ko aka ga sabon ganye kore shar a tsakiya, ta kama. Daga nan sai a fara fitar da ita ranar safe sa'a ɗaya ko biyu, ana ƙarawa a hankali cikin mako biyu. Ranar la'asar ta watan Afrilu tana ƙona ganyen da ya saba da ɗaki, kuma tabon ƙunar ba ya gogewa. Ban ruwa ya koma bisa ƙa'ida guda: a zuba sosai har ya fito ta gindi, a zubar da wanda ya taru a faranti, sannan kada a sake sai an soka tsinke har ƙasa ya fito a bushe. Da bazara hakan yakan kasance kusan mako-mako a tukunyar ƙasa, da damina da hunturu kuwa yana iya kai mako uku. Taki ba ya cikin lissafi sai bayan wata biyu, sannan ma ɗan kaɗan sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma yankan ganye domin amfani a jinkirta shi har shukar ta fitar da sababbin ganye uku ko huɗu a sabon mazauninta.